Wai na'urar GPS ƙarya take yi kan saurin tafiya?

Mai Sanda: Jama'a, raina a ɓace yake. Na yi tafiyar ƙafa ta kilomita 12 bisa taswira, na fita ƙarfe 7, na dawo ƙarfe 11. Ko ɗan firamare ya san kilomita 3 ke nan a awa. Amma na'urar GPS ɗina ta hannu, mai nuna inda mutum yake ta taurarin ɗan adam, ta rubuta matsakaicin sauri kilomita 4.6 a awa, ta abokin tafiyata kuma 4.1, alhali kafaɗa da kafaɗa muka tafi. Na'urorin nan ƙarya suke yi, ga shi da lambarsu nake tsara dawowa kafin duhu.

Injiniya: Malam, ka janye kalmar ƙarya. Lamba biyu take bayarwa. Ɗaya ta raba nisa da dukan lokacin, ɗaya da lokacin da kake motsi kawai. Ta biyun ka karanta.

Mai Sanda: Hutuna duka bai kai awa ɗaya ba, Injiniya.

Malama Mai Lissafi: Ƙarya sai da niyya. Ina na'ura ta samu niyya? Kuskure ake cewa.

Dattijo: 'Yata, tun kafin a haife ki muke cewa agogo ya yi ƙarya, ba wanda ya taɓa tambayar niyyar agogo. Duk abin da ya faɗa maka ba daidai ba, kai kuma ka dogara da shi, ƙarya ya yi maka.

Malama Mai Lissafi: Baba, da girmanka, salon magana daban, ma'ana daban.

Injiniya: Ku saurara. Taurarin ɗan adam na GPS suna nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Ko a fili fetal na'urar kan kauce da mita 3 zuwa 5. Kana zaune kana hutawa, ɗigon da ke nuna inda kake yana yawo a allo, tana tara maka mitocin da ba ka taka ba. A ƙarƙashin itatuwa ko gindin dutse abin ya fi muni, domin sigina kan bugi dutse kafin ya iso. Sannan in kana jan ƙafa a hawa, wata na'urar sai ta ɗauka tsayawa ka yi, ta daina ƙirga lokaci. Nisa ya ƙaru, lokaci ya ragu, dole lamba ta hau. Kowace na'ura da nata mizanin tsayawa, shi ya sa taka da ta abokinka suka saɓa.

Dattijo: To ai ka tabbatar da ƙaryar da bakinka.

Ɗan Auta: Wa ma yake ɗaukar wannan abu yanzu? Wayata tana kama wasu taurarin irin na GPS: Galileo na Turai, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na China. Amurka kuwa, mai GPS ɗin, da gangan take gurɓata siginarta. Ga niyyar da Malama take nema.

Injiniya: Ƙanena, tun watan Mayun 2000 aka daina wannan, zamanin shugaban Amurka Bill Clinton. Kuma sababbin na'urorin hannu ma suna kama Galileo da GLONASS.

Ɗan Auta: An ce maka dai an daina.

Malama Mai Lissafi: Wayar taka da batirinta ke mutuwa kafin la'asar?

Ɗan Auta: Taku ce ke mutuwa, Anti. Tawa sabuwa ce.

Dattijo: Yaro, gyara harshenka.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka cim ma shi ne na'urar hannu ba ta da laifi, mai ita ne bai karanta allonsa da kyau ba, kamar yadda Injiniya ya bayyana. Ni shekaru nake amfani da tawa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Kalmar ƙarya ba ta dace ba, waya kuma ba ta kai ta ba.

Dattijo: Ba mu cim ma haka ba, Shugaba.

Mai Sanda: Ranar Asabar ina da kilomita 18, har da hawan dutse. Da 3 zan yi lissafi ko da 4.6? Har yanzu ba wanda ya faɗa mini.