Zan kai ɗalibai Gidan Tarihi na Kanta: ta yaya za su ƙaru da fasahar hannu?

Malamin Zane, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina da ɗalibai 32 masu koyon zane da aikin hannu, ina so in kai su Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Burina su gane yadda magabata suka tsara kayan amfaninsu, takobi ko ganga ko kayan fata, har su iya fitar da nasu tsarin. Masana, wane shiri zan yi, me za mu riƙa, kuma me ke ɓata irin wannan tafiya?

Bakabe

Wa alaikumus salam Malam. Ka fara da sanin inda za ka. Gidan tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, wadda ake kira Gidan Nabame. A nan sarakuna suka zauna har 1942 da aka koma sabuwar fada, sai a 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, da sunan Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Sassa 11 ne a ciki, kuma kayan yaƙi da na sarauta sun fi rinjaye: masu, takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, layu da ganguna. A cikin gidan ake binne sarakuna, don haka ka ja wa yara kunne tun daga mota: shiga ta kamala, ban da ihu da guje-guje, inda aka ce a cire takalmi a cire.

Ka rubuta takarda da hatimin makaranta, a kai ta da hannu kamar mako biyu kafin ranar. Ka faɗi yawanku, ka kuma faɗi cewa zane za ku zauna ku yi, domin in ba a sani ba mai rakiya zai zagaya da ku sassan duka a gurguje ya sallame ku. A wurin kai takardar za ka ji batun kuɗin shiga da izinin ɗaukar hoto. Kada ka sa ranar Juma'a, kada kuma ka haɗa da makon bikin kamun kifi, garin cika yake yi, ba wanda zai sami natsuwar zane. Ku baro Birnin Kebbi da ƙarfe 8, ku gama kafin azahar.

Mutum 32 ba sa shiga ɗaki ɗaya. Ka raba su huɗu, takwas-takwas, kowane rukuni da babba guda.

Uwar Masaƙa

Malam, abin da ya fi kashe irin wannan ziyara shi ne son ganin komai. Yaro ya kalli abu ɗari, ya dawo bai riƙe ko ɗaya ba. Ku yi zagaye na farko na rabin awa, hannu a baya, a saurari mai bayani. Daga nan kowane ɗalibi ya zaɓi abu biyu kacal, ya ba kowanne minti 40.

Kowa ya riƙo fensir biyu, magogi, abin fiƙe fensir, rula mai santimita 30, takarda mai gida-gida guda shida, da ɗan allo ko kwali mai kauri da zai ɗora a cinya. A bar biro da kalar ruwa a makaranta. Tawada in ta ɗiga a tsohon zane ko fata ta zauna ke nan.

Abu ɗaya zane uku yake buƙata: ta gaba, ta gefe, sai wani ɗan yanki da aka faɗaɗa, kamar bakin kube ko inda tsirkiya ta kama baka. Ba a ɗora rula a jikin kaya. A riƙe ta kusa, tazarar yatsu huɗu, ido daidai saitin abin. Wanda ya duba daga sama ko daga gefe awonsa zai karkace, shi ya sa za ka ga takobi ya fito gajere mai ƙaton kai. Abin da ya fi takarda tsawo a rage shi da lissafi: takobi mai santimita 90, in aka ce kowace santimita ɗaya a takarda tana wakiltar biyar, zai fito 18. A rubuta wannan lissafin a ƙasan zanen, in ba haka ba bayan mako biyu shi kansa mai zanen ba zai tuna ba.

A gefen kowane zane ya amsa tambaya huɗu: da me aka yi shi, gunduwa nawa ne, da me aka haɗa su, kuma ina ne ya fi cinyewa. Ta ƙarshen ta fi muhimmanci a wurina. Inda hannu ya goge itace har ya yi santsi, ko inda aka yi wa ɗinki faci, nan ne abin yake gaya maka yadda aka yi amfani da shi da inda tsarinsa yake da rauni.

In kun tarar da tufa, a duba faɗin ƙwaryar saƙa, wato siririn ƙyallen da masaƙi ke saƙawa, da yadda aka jera ƙwarya-ƙwarya aka ɗinke. Zaren da aka kaɗa da mazari ba ya daidaita, wani wuri kauri wani wuri siriri, na kamfani kuwa bai ɗaya yake tafiya. Haka ɗinkin hannu tazararsa takan ɗan saɓa, na keke ba ya saɓawa.

Ɗan Jega

Hajiya, duk wannan wahalar zane ta mece ce alhali kowa na da waya? A ɗauki hoto, a koma aji a zana a natse. Kuma gaskiya gidan na kayan yaƙi ne, ban ga abin da mai koyon tsara kaya zai samu a mashi ba.

Baduku

Ɗan'uwa Ɗan Jega, hoto yana taimakawa amma ba ya maye gurbin zane. Waya ba ta nuna kauri, tana kuma kumbura abin da ya fi kusa da ita. In an ba da izini, a ja baya taku biyu, a tsaya saiti, wani ya riƙe rula a gefe don ta fito a hoton, a kashe filasha. Kayan da ke cikin gilashi kuwa a kusantar da wayar a ɗan karkata, in ba haka ba inuwar mai ɗauka ce za ta fito.

Batun kayan yaƙi kuma, ai takobi ɗaya aikin sana'a uku ne ko huɗu. Maƙeri ya yi ruwan takobin, baduku ya yi kube ya naɗe mariƙi, mai saƙa ya yi hamila. Malam, ka sa yara su nemo inda aikin wannan ya ƙare na wancan ya fara. A kube su duba ɗinkin, yawanci ta baya ake ɓoye shi, su ƙirga ɗinki nawa ne a santimita ɗaya. Su bambance ado iri uku: wanda aka danna da ƙarfe, wanda aka yanke fatar sama launin ta ƙasa ya leƙo, da wanda aka ɗinka da siraran tsagin fata. Launukan ma duk na gida ne. Da bagaruwa ake jima, ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko wanda ake haɗawa da ƙarfe. Shi baƙin, saboda ƙarfen da ke cikinsa, yakan ci fata in an daɗe, don haka za ka ga layin baƙi ya tsage alhali jan da ke gefensa lafiya lau. Yaro in ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba.

A ganga a duba yadda aka ɗaure fata da itacen da kuma abin da ke ƙara mata tsauri. In an nuna muku sulke, kowane zobe huɗu yake kamawa, sai a lura ko bakin zoben an dasa masa ƙusa ko haɗe shi kawai aka yi. Mai ƙusa ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, ya kuma fi cin aiki.

Hana taɓawa kuwa ba tsaurin ma'aikata ba ne. Gumin hannu yana da gishiri da maiƙo, kan ƙarfe ya bar tsatsa mai siffar yatsa, kan fata ya bar tabo. Da hunturu tsohuwar fata bushewa take yi, lanƙwasawa ɗaya ta karye. Da damina kuma fumfuna ke hawa. Kada wani ya ce zai yi taimako ya shafa mata man gyaɗa, duhu za ta yi, ta kama ƙura, ta jawo ƙwari. Kibiyoyin da aka yi yaƙi da su a da ana shafa musu dafi, wannan kaɗai ya isa dalilin kama hannun yaro.

Magini

Ƙari kaɗan, Malam. Ginin kansa darasi ne. Ku ware minti 20 a auna kaurin bango a bakin ƙofa, nan an yarda a sa rula, sannan a kwatanta sanyin ciki da zafin waje. A ɗaga kai a duba rufi. A ginin ƙasa azarar giginya ba ta ɗaukar zango mai tsawo, kusan mita biyu ne, shi ya sa magina ke jera ta hawa-hawa daga bango ko su ɗaura baka, wato lanƙwasasshen gini mai tallafe rufi, in ɗaki ya yi faɗi. Su kuma nemo inda aka yi gyara da siminti. Siminti ba ya barin ƙasa ta fitar da laima, sai ta ruɓe ta ciki, wata rana ya ɓare da fuskar bangon gaba ɗaya.

Malamin Zane, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri. To bayan mun dawo fa, wane aiki zan ba su?

Uwar Masaƙa

Kada ka bari a kwana uku ba a taɓa zanen ba. Washegari kowa ya sake fitar da ɗaya a tsabtace da awonsa. Sannan ya ɗauki dabara guda daga ciki, salon ɗinki ko ado ko yadda aka haɗa gunduwa biyu, ya sa ta a abin da ake saye yau: jakar waya, murfin littafi, madaurin agogo. A fara gwadawa da kwali da zare kafin a yanka fata, domin kwali in ya ɓaci ba a yi asara ba. Wanda kwalinsa ya tsaya, ka tura shi wurin baduku a kasuwa da zanensa a hannu, ya ji nawa fata za ta ci, kwana nawa aikin zai ɗauka, da nawa za a iya sayar da shi. Ka kuma aika wa gidan tarihin kwafin zane biyar mafi kyau tare da takardar godiya.