Matan fadar Santambul a talabijin: jarumta ce ko makirci?

Mai Sharhi: Ni dai maganata ɗaya ce. Matan fadar sarakunan Turkiyya da ake nuna mana ba jarumai ba ne, makirai ne. Guba, tsegumi, kukan munafunci, shi ke nan.

Malamar Tarihi: Malam, laifin marubuta ne kake ɗora wa matan. Dubi tsarin fadar tukuna. Kuyanga in ta haifa wa Sarki ɗa namiji, ta gama haihuwa. Yaron na tasawa a ba shi lardi, uwar ta bi shi. In wani ya hau gado, 'yan'uwansa sun shiga uku: Mehmed III ya kashe ƙannensa 19 a 1595. Uwar da ta san wannan, me kake so ta yi, ta naɗe hannu?

Mai Sharhi: To ai kin tabbatar da zancena, Malama. Tsoro ne ke tuƙa su.

Marubucin Wasa: Tsoro da jarumta ai ba kishiyoyi ba ne. Hurrem, kuyangar Sarki Sulaiman, ta karya ƙa'idar nan gaba ɗaya: ya 'yanta ta ya aure ta, ta haifi maza fiye da ɗaya, ta zauna a Santambul har ta rasu a 1558. Makamanta a fili suke: suruki, wasiƙa, waƙafi. 'Yarta Mihrimah ta auri Rustem Pasha a 1539, ya zama babban waziri a 1544. Hurrem ta rubuta wa sarkin Poland, ta gina gidan ciyar da mabuƙata a Ƙudus. Matsalarmu mu marubuta, wasiƙa ba ta cika allo, shi ya sa muke musanya ta da kofin guba. Wuri mafi ɓaci shi ne inda mace ke ɗaga wa Sarki murya gaban fadawa, alhali ko waziri bai isa ba.

Mai Sharhi: Mustafa fa, ɗan Sulaiman daga wata uwa, da aka shaƙe a 1553? Wa ya ci ribar?

Malamar Tarihi: 'Ya'yan Hurrem, ba musu. Amma umarnin na ubansa ne. Kuma wa ya damu da uwarsa Mahidevran, wadda ta sha talauci a Bursa? Ta fi Hurrem daɗewa da shekara fiye da 20.

Marubucin Wasa: Ita kuwa Kosem ta riƙe daula tun 1623, da ɗanta Murad IV ya hau gado yana ɗan shekara 11, amma a cikin fadar aka shaƙe ta a 1651.

Mai Sharhi: Kuma mutanen surukarta Turhan ne suka yi aikin. Kun gani ko?