Yarona ya ɗaura zanena a tashe, baffanshi ya ce daudu ne

Maman Sadik, Gusau:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun azumi. Yarona shekararshi 11, daren sha biyu ga azumi shi da yaran unguwa sunka haɗa tashe, ya zo ya ɗauki tsohon zanena na atamfa da kallabi, ya cusa tsumma a ƙirji ya rambaɗa kwalli, wai shi ne matar tsoho mai gemun auduga. Wlh ni dariya na yi, har ni na gyara mai ɗaurin don yana ta zamewa. Basu kai gida na huɗu ba sunka yi kiciɓis da baffanshi yana dawowa daga asham, nan bakin titi ya fizge zanen gaban yara ya zabga mai mari ya jawo shi gida yana faɗin ba a taɓa ɗan daudu a gidansu ba kuma ba za a fara a kanshi ba. Washegari ya turo ma babansu bidiyon TikTok, wani ƙaton bature da gashin kanti da takalmi mai tsini yana rawa, wai dirag kwin ake ce musu, wai daga irin wanga wasa ake farawa. Tun ranar yaron ko ƙofar gida baya fita, yara na tsokanarshi da Hajiya. To shi dirag ɗin nan mene ne? Shi ne daudu? Tashen da munka taso muna yi ma ya shiga ciki?

Abu Kaura:
Maman Sadik sannu, Allah ya huci zuciyar yaro. Ni ina koyar da wasan kwaikwayo kuma abu uku ne baffan ya zuba a kwano ɗaya. Dirag wasan dandamali ne, namiji ya yi shigar mata da gangan ya zuzuta ta, kwalliya ninki biyu gashi ninki biyu, ya hau dandamali ya yi rawa ko ya bi waƙa da baki, in an tashi da yawansu wanke fuska suke su sa wando su tafi gida. Akwai ma mata masu yin shigar maza. Ba zan ɓoye miki ba, a Amurka abin ya girma ne a gidajen rawa na 'yan luwaɗi, wasu kuma hanya ce ta nuna yadda suke jin kansu a ciki, kuma shirin talabijin na gasar dirag na wani ɗan dirag mai suna RuPaul da aka fara a 2009 shi ya watsa shi duniya. Amma namiji ya fito a mace cikin wasa ya girmi duk wannan nesa ba kusa ba. A Ingila zamanin marubucin wasan kwaikwayo Shekisfiya yara maza ke fitowa a mata, sai 1660 mace ta fara hawa dandamali. A Japan an hana mata wasan kabuki a 1629, maza sunka karɓi gurbinsu har yau. Mu ma nan makarantar kwana ta maza in za a yi dirama waye ke zama uwargida? Kuma ku tuna tashen 'yan mata na Mairama da Daudu, ai yarinya ce ke sa riga da hula ta zama ango, iyayenmu na ba da hatsi suna sa albarka.

Abu Huzaifa, Jega:
Malam Abu na ji bayaninka amma kar a manta hadisin Ibn Abbas a Bukhari, Annabi (SAW) ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza. Don haka abin da ke cikin bidiyon nan ba namu ba ne, kuma ni ko a tashe na fi son a bar shi. Sai dai Hajiya, ɗan shekara 11 bai balaga ba alƙalami bai hau kanshi ba, kuma marin fuska shi ma an hana. Imam Nawawi ma ya raba tsakanin wanda aka halitta da laushin magana da tafiya, da wanda ya ƙirƙiro ma kanshi, na farkon ya ce ba zargi a kanshi. Da baffan ya kira shi ɗaki ya yi mai nasiha da ba a kai nan ba.

Inna 'yar Mafara:
Ɗiyata ni abin da ya fi ci min rai sunan da anka laƙa mai. Daudu ba wasan dare ɗaya ba ne da za a kwance zane a huta, rayuwar mutum ce, maganarshi da tafiyarshi da sana'arshi. Lokacin da nike amarya akwai wani mai tuwo a tasha kusa da mu, zane a ƙirji bisa rigarshi, hannu ya sha lalle, in ya tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe direbobi layi suke. Shekarar da maigidana ya kwanta ciwo wata uku, kullum bayan magariba sai ga almajiri da kwano a rufe da faifai, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, kuma na sha ganinshi ya kwance zanen ya yi alwala ya bi jam'i a sahun baya. Da shari'a ta fara aiki a Zamfara a 2000 zamanin gwamna Yarima sai ya tattara tukwanenshi ya bar garin, ban sake jin ɗuriyarshi ba. Ban ce miki daidai yake yi ba, tsakaninshi da Ubangijinshi ne, amma duk sanda na ji an zagi yaro da sunan nan shi nake tunawa, kuma mutanen da ke zaginshi da rana su ke cin tuwonshi da dare.

Dan Yauri:
Ni dai na fahimci tsoron baffan, kowa ya ga Bobrisky, ɗan Najeriyar nan mai shigar mata, a waya hankalinshi ya tashi. Amma ko shi da anka ɗaure wata 6 a 2024 kan liƙin naira ne ba kan kaya ba. Kuma ƙudirin da anka kai majalisar wakilai a 2022 na hana shigar jinsin da ba naka ba, shi kanshi ya ware masu wasan kwaikwayo.

Maman Sadik, Gusau:
Na gode Allah ya saka da alheri, Inna kin sa ni hawaye wlh. Jiya da dare na karanta ma babansu amsar Malam Abu da ta Malam na Jega, ya yi shiru can ya ce gobe Juma'a zai je ya samu yayan nashi su yi magana. Sadik kuma na zaunar da shi na ce ni na ɗaura mai zanen da hannuna, in akwai laifi nawa ne ba nashi ba. Bai ce komai ba, sai da na tashi zan fita ya tambaye ni ko yaran za su daina kiranshi Hajiya kafin a koma makaranta.