Wace firinta zan saya da ba za ta ƙi tawadar waje ba?

Baban 'Yan Biyu:
Salam 'yan'uwa, shawara nake nema don Allah. Firintar gidana ta ishe ni wallahi, da araha na saye ta amma katirij (ɗan akwatin tawada) biyu kacal sun kusa kamo kuɗin ita kanta firintar. Na samo na wani kamfani daban na sa mata, wata biyu tana aiki lafiya lau sai rannan da safe kawai ta rubuto wai ba ta san katirij ɗin ba, alhali ko rabi bai yi ba. Aikin makarantar yara nake bugawa da 'yan takardu, jefi-jefi hoto. Wacce zan saya da zan riƙa ɗura mata tawada da kaina?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Malam. Ba katirij ɗinka ne ya lalace ba. Juya shi za ka ga wani ɗan ƙarfe kalar zinare, cip kenan, da shi firinta ke gane nasu ne ko ba nasu ba. Ita kuma taka na tabbata tana haɗe da intanet, ta yi afdet, wato ta sabunta manhajarta, da kanta cikin dare shikenan ta daina karɓar baƙon cip. A 2016 an sha surutu a kan HP saboda irin wannan, Dynamic Security suke ce masa. In za ka ci gaba da mai katirij to abu na farko ka kashe mata afdet.

Amma ni firinta mai tankin tawada zan ce ka saya ka huta. Epson EcoTank, Canon jerin G, HP Smart Tank, Brother ma suna da jerin T. Kwalba ce kawai ka kifa a bakin tankin ta tsiyaye, babu cip a jikinta balle a yi rigima. Epson L3250 misali, kwalbarta mililita 65 ce kuma a lissafin kamfanin baƙar tana buga shafi 4,500, masu kala 7,500. Ko ba ka kai haka ba ai tazarar da nisa. Da tsada wajen saye kam, tunda can a tawada suke cin ribarsu, nan kuwa tun farko suke karɓe abinsu.

Malama Uwar Gida:
Hmm Mai Gyara ka faɗi daɗin ka bar ɗacin. Ni mai tanki ce da ni, na yi tafiya ta wata biyu ba wanda ya taɓa ta, na dawo na buga takarda sai ga layi-layi fari ya ratsa rubutun, ja kuwa ko ɗigo. Sau huɗu ina sa ta wanke kai, wato wurin da ke fesa tawada, kafin ta dawo hayyacinta kuma ina kallo tawada na sauka a tanki, ashe wani soso take zubawa a ciki wanda shi ma in ya cika sai ta tsaya cak. Yanzu duk sati sai na buga shafi ɗaya mai duka kalolin ko ba na buƙata.

Yaya in ba kullum kake bugawa ba kuma baƙi da fari ya ishe ka, sayi firintar lesa. Tawadarta, tona, gari ne, ba ya bushewa.

Ɗan Sirinji:
Ni har yau sirinji nake yi 😂 ɗaga sitikar saman katirij za ka ga 'yan ramuka, ka tura allura cikin soson katirij ɗin a hankali, kar ka cika shi taf zai riƙa ɗiga. A Canon in ta ce tawada ta ƙare ka danne maɓallin Stop sama da daƙiƙa 5 za ta ci gaba. Sai dai kar ka bari ya bushe ƙarƙaf, tawadar ce ke sanyaya kan, in babu ƙonewa yake. Kuma ka sa safar hannu, ni kwana uku na yi da shuɗin yatsa.

Mai Gyara:
Gaskiyar Malama ce. Ƙari ɗaya, tanki zai karɓi duk abin da ka zuba masa amma ba komai ake zubawa ba. Tawada iri biyu ce, dai (dye) da figment (pigment), in ka gauraya su suna iya yin guda-guda su toshe kan, kuma na Epson a maƙale yake sai mai gyara ya kwance. Canon G3420 kuwa da hannunka za ka canza kan, har akwatin soson da Malama ta faɗa, MC-G02. Ka bi lambar kwalbar da aka rubuta wa taka, kuma ni da kai ne ta kamfani zan zuba har garanti ya ƙare tukuna.

Baban 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaran nan kusan kullum sai sun bugo wani abu, taswira ce zane ne, bushewa ba za ta same mu ba, tanki zan ɗauka. Ɗan Sirinji sauran katirij biyu sabbi fil suna nan a durowa, in za su shiga taka ka yi magana.