Tsohon injin kwalekwale ya daina ba da wuta: a gyara kwantak ko a koma CDI?

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da tsohon injin kwalekwale ƙirar Evinrude mai silinda biyu, da shi muke tsallakar da kayan lambu a kogin Galma ta wajen Dakace idan ruwa ya cika. Da safe ja biyu yake tashi, amma da ya yi zafi sai ya fara tari ya mutu, ba zai sake tashi ba sai ya huce. Wani bakaniken babur ya ce a cire kwantak ɗin (bakin ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don sakin wuta) a ɗaura masa CDI na mashin (akwatin lantarki mai sakin wuta ba tare da kwantak ba). Wa ya taɓa gwadawa?

Mai Taru: Wa alaikumus salam. Haka nawa ya yi mini a bara. Koyil ne, wato naɗin wayar da ke ba filogi wuta. Waɗannan tsofaffin, robar da ta lulluɓe koyil tsagewa take yi saboda shekaru, laima ta shiga, in ya ɗau zafi wutar ta riƙa tsallakewa jikin ƙarfe maimakon ta je filogi. Da muka ɗaga fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman injin, mun tarar da koyil duka biyun sun dare kamar ƙasar fadama da rani.

Oga Sabon Gari: Malam, kafin ka kashe ko sisi, cire wayar makashin injin ka ja ka gani. Na sha karɓar inji an ce ya mutu, ashe wannan wayar ce ta goge tana taɓa jiki. In ba ita ba ce, sai kwantak. Kowace silinda tana da nata koyil, kwantak da kwandansa (ɗan abin da ke hana bakin kwantak ƙonewa). A goge bakin kwantak, a share shi da takarda mai tsabta don ko ɗigon mai yana hana wuta, a saita buɗewarsa 0.5mm. Kwandansa kuwa ba ya da tsada, a canza kawai, shi ma yana kawo mutuwa in an yi zafi.

Maganar CDI na babur, ban goyi baya ba. CDI yana buƙatar koyil ɗin da zai cika shi da wuta, da wani ƙarami mai gaya masa lokacin saki, kuma an yi su ne daidai da maganaɗisun fulawil ɗin babur ɗin. Naka ba haka aka ƙera shi ba. Ko ya tashi, taimin, wato lokacin sakin wuta, ba zai zauna ba, wuta in ta riga lokaci tana iya huda fistin.

Ɗan Shika: Oga, amma akwai wata 'yar ƙaramar na'ura da aka yi don maye gurbin kwantak da kwandansa, koyil ɗinka na asali yana nan. Na sa biyu a nawa, ɗaya kowace silinda, na huta da goge-goge. Sai dai sai koyil na da lafiya, ba ya tayar da matacce.

Oga Sabon Gari: Wannan daban ne, na yarda da shi. Matsalar jabu ce. Kuma kamfanin ya daina ƙera Evinrude tun 2020, kaya sai an yi cigiya.

Mai Taru: Don Allah a nemi abin zare fulawil na gaskiya, kar a bari yaro ya sa guduma. A duba ɗan makullin da ke riƙe shi a kan sandar injin da ke juya shi, in ya ɗan yanke taimin ya tafi ke nan. Kuma kar a tayar da shi a busasshe, a sa ƙafar injin cikin duro cike da ruwa, in ba haka ba fankar robar da ke jan ruwa za ta ƙone nan take.

Baban Walida: Na gode, Allah ya saka da alheri. Wayar makashin lafiya lau. Mun buɗe yau, koyil ɗaya a tsage yake, ɗayan kuma da sauransa. Oga, in canza duka biyun ne ko wanda ya tsage kaɗai?

Oga Sabon Gari: Duka biyun. Sa'annin juna ne, kuma ba ka so ka sake ɗaga fulawil ana tsakiyar damina.