Wane suna za mu raɗa wa begoniya da Hausa?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu Hausa a baki, musamman malamai da masu lambu.

Shekaranjiya maƙwabciyata ta aiko 'yarta, wai in yanko mata reshen "fulawar nan mai kyau". Na ce wacce daga ciki? Yarinya ta tsaya tana kallon tukwane, ta koma gida, ta dawo ta ce wai mai ɗige-ɗige. To masu ɗige-ɗige kala uku gare ni, biyu ma ba dangin juna ba ne. Sai da uwar ta yafa mayafi ta shigo da kanta ta nuna da yatsa. Abin ya tsaya min a rai. Mu ne muka raba dawa gida-gida, muka ce wannan kaura ce, waccan farafara. Mun san gero daban, maiwa daban, dauro daban. Amma duk abin da aka dasa a tukunya don ado, suna ɗaya muke ba shi, fulawa, ko da bai taɓa yin fure ba.

Wadda nake nema wa suna ita ce Turawa ke kira begonia. Shekara shida ke nan ina tara ta a barandarmu a nan Kaduna, yanzu ina da iri goma sha ɗaya. Sunan nata sunan mutum ne. Wani malamin kirista Bafaranshe masanin tsirrai, Charles Plumier, ya ci karo da ita a tsibiran Karibiyan wajen ƙarshen ƙarni na 17, ya sa mata sunan Michel Bégon, jami'in gwamnatin Faransa da ya taɓa riƙe al'amuran tsibiran. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya tabbatar da sunan a 1753. Karramawa ce tsakanin mutum da mai gidansa, amma ba ta gaya wa mai saye komai a kan shukar da ke gabansa.

Kuma ita begoniya tana buƙatar sunan da zai yi bayani, domin danginta sun haura iri 2,000, ban da dubban da masu lambu suka haɗa da hannunsu. Wata ta fi mutum tsayi, wata ba ta wuce tafin hannu ba. Wata ganyenta sumul kamar an shafa mai, wata gashi-gashi, wata kamar fatar kada. In ka jera su, baƙo zai rantse ba uwarsu ɗaya ba.

Ga yadda nake gane ta. Tsinko ganye, ka ninke shi biyu a kan jijiyar tsakiya. Ganyen mangwaro ko na gwaba zai haɗu daidai wa daida. Na begoniya ba zai haɗu ba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ya yi kafaɗa ya zarce, tsinin ganyen kuma ya kauce gefe. Shaida ta biyu a fure take: namiji daban, mace daban, a jikin shuka ɗaya, kamar kabewa. Ta macen tana ɗauke da wani ƙullutu a bayanta mai fiffike uku, cikinsa iri ne laushi kamar ƙura. Ta uku, tsami gare ta.

Bismillah, a kawo shawara.

Alhamdu lillahi, amsoshi sun shigo tun kafin azahar. Bari in bi su ɗaya-ɗaya.

Ƙanena, ka ce me ya kawo wahala, a ce begoniya kawai, yadda muka ce tumatir da karas da kabeji. Ban ƙi ta taka ba. Wannan sunan zai zauna, don da shi za ka nemi bayani a intanet, da shi kuma za ka yi ciniki da masu sayar da dashe a bakin titi. Sai dai tumatir kamanninsa ɗaya, kullum yana cikin tukunyar miya, ba wanda zai ɓata a kansa. Wannan kuwa fuskarta dubu. Ga kuma wata shuka mai yaɗo, mai fure kamar kakaki, da ake kira bignonia, ita ma sunan wani Bafaranshen ne, Bignon, ba ta da haɗi da tamu ko kaɗan. A bakin Bahaushe duka biyun bigoniya za su koma.

Masu cewa kunnen giwa, ku yi haƙuri. Wannan ya fi dacewa da dangin gwaza, irin masu faffaɗan ganye ja da kore da ake sayarwa tare da ita. Nasu ganyen in ka ninke yana haɗuwa. Su ne ma aka fi ruɗa su da begoniya, bai kamata mu ƙara wa ruɗanin ƙarfi ba.

Hajiya daga Jos, barka da war haka. Shawararku ta yakuwar Turawa ta daɗe tana min yawo a ka, don ta bi tsarin da kunne ya saba da shi, irin na dankalin Turawa, kuma tsamin gaskiya ne. Abu biyu suka hana ni karɓa.

Na farko, suna yana jan hannu. Duk abin da aka kira yakuwa a gidan Bahaushe, wata rana sai wani ya jefa shi a miya, ko yaro ya tsinka ya tauna. Tsamin begoniya na wani sinadari ne da ake kira okzalet, yana ƙaiƙayin baki da maƙogwaro, in ya yi yawa yana wahalar da ƙoda. Ya fi taruwa a saiwa, kuma yana cutar da kyanwa da kare. Akwai ƙasashen da ake cin wasu irinta, amma su sun san wacce suke ci. Wadda muke saya a bakin titi kuwa, ba mu san feshin da aka yi mata ba. Ba na son sunan da zai kai ta madafa.

Na biyu, Hajiya, ba ta Turawa ba ce. Ko iri ɗaya babu da asalinsa Turai ne. 'Yar dazukan ƙasashe masu zafi da laima ce: Kudancin Amurka da tsakiyarta, kudancin Asiya, da Afirka. Masana da yawa ma suna ganin daga Afirka zuriyar ta faro. Dazukan Kamaru da Gabon suna da ƙanana masu fure rawaya, waɗanda masu tarawa a Amurka da Turai ke renonsu cikin akwatin gilashi kamar ƙwai. Ɗaya daga cikinsu, Begonia staudtii, tana fitowa har a dajin kudu maso gabashin Najeriya. A tsibirin Sao Tome akwai wadda ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. A tsibirin Sokotara na ƙasar Yaman aka samo wata a 1880, ita ce kakar waɗanda ke fure lokacin sanyi a Turai. Turawa sun ɗauka, sun yi aure tsakanin iri da iri, sun dawo mana da ita a leda. Wannan aikin nasu ne, ba a hana su. Amma in muka ce ta Turawa ce, mun ba da kayan maƙwabta kyauta.

Bayan la'asar wani dattijo malamin Hausa daga Zariya ya yi min doguwar amsa, kuma ina ganin a nan maganar ta kama hanya. Allah gafarta Malam, na gode, Allah ya ƙara lafiya.

Malam ya ce in duba yadda magabata suka raɗa wa tsirrai suna. Ba sa neman sunan wanda ya kawo, abin da ido ya gani ko hannu ya taɓa suke kamawa. Nonon kurciya, don farin ruwan da ke fita in an karya. Dogon yaro, don saurin tsayinsa. Ga bi-ni-da-zugu, ga ka-fi-malam, sunaye ne masu labari a cikinsu. Ya ce tunda na ce shaidarta ta farko karkacewar ganye ce, to a gina sunan a kan karkata, a zuba shi a ma'aunin da Hausa ta riga ta tanada, na mantau da gagarau da dakau da jiƙau. Sai ya zama karkatau.

Na maimaita shi a baki har sau goma. Karkatau. Gaɓa uku, ba nauyi, yaro zai riƙe. Na gwada shi a zance: "Ki zuba wa karkatau ruwa." "Karkatau ɗin nan ya yi fure." Ya zauna. Malam ya ce a bar shi namiji kamar tabarau, kuma yadda ake cewa tabaran Malam, haka za a ce karkatan Hajiya. Wani ɗalibi da ke karatu a Jamus ya ƙara da cewa su ma Jamusawa suna da sunansu na gida, Schiefblatt, ma'anarsa karkataccen ganye. Ashe ido ɗaya muka kalle shi da shi.

Ƙorafi biyu sun biyo baya, kuma duka masu nauyi ne.

Yaya, kin ce karkata ba kalmar yabo ba ce, ana cewa karkataccen hali, wa zai kai wa amarya tukunyar karkatau? Na ji wannan sosai. Amma hula ma ana karkata ta don ado, ɗaurin ɗankwali ma haka. Zuciya tana karkata ga abin da take so. Kalmar ba ta da laifi sai abin da aka jingina ta da shi.

Ɗaya ƙorafin na wani mai lambu ne, ya ce akwai masu ganye kewayayye, karan ya shiga ta tsakiya kamar lema, karkacewar ba ta fita sosai. Gaskiyarka, mai lambu, akwai su, ina da guda. Ko ƙananan nan masu ƙyalli sai ka lura da kyau kafin ka gani. Sai dai suna rinjaye yake bi, ga sauran shaidun nan biyu, fure da tsami, ga wanda ya yi shakka.

Tunda uwa ta samu suna, saura 'ya'ya. A nan ban sha wuya ba, don saiwa da kara su ke raba su, kuma su ne ke gaya maka yadda za ka rene su.

Karkatau mai kara shi ne mai miƙewa gaɓa-gaɓa kamar rake. Shi ya fi jure mana a Arewa, shi nake ba duk mai farawa. Ka yanki reshe mai gaɓa biyu ko uku, ka tsoma a kofin ruwa a inuwa, cikin 'yan makonni saiwa ta fito. A cikin wannan gidan ne wanda maƙwabciyata ta nuna yake, Begonia maculata, ɗan Barazil: dogon ganye kore shar, fararen ɗigo a sama, bayansa ja. Turawa suna kiran irin wannan da abin da in an fassara zai zama fiffiken mala'ika. Ban yarda mu ɗauko wannan ba. Ba mu ga mala'ika ba, ba kuma al'adarmu ba ce mu kwatanta su da abin tukunya. Amma mun ga zabuwa. Duk wanda ya taɓa fige ta ya san wannan ɗigon. Fiffiken zabuwa. A kan wannan ko mutum ɗaya bai yi musu ba.

Karkatau mai citta shi ne mai kauri kwance a bisa ƙasa yana rarrafe kamar ɗanyar citta, ganye na tashi daga jikinsa. Tukunya mai faɗi marar zurfi yake so, in ka binne karan ya ruɓe. Cikinsu akwai Begonia masoniana, wanda wani Bature, Maurice Mason, ya kai Ingila daga Singafo a 1952. Ganyensa kaushi, tsakiyarsa da baƙin tambari mai yatsu. Ni dagin kyanwa nake gani a wurin, haka kuma na rubuta a tukunyarsa.

Karkatau mai dankali, na tsaunukan Andes ne asalinsa, Peru da Bolibiya, shi ke da manyan furannin nan da ake gani a hoto. Sanyi yake so. Sau biyu ina gwada shi, zafin watan Maris yana kashe min. Mutanen Jos da Mambila, wannan naku ne. Na Kano da Sakkwato da Maraɗi, kada ku zubar da kuɗinku.

Ƙaramin nan da ake jerawa a gaban ofisoshi, mai fure fari ko ja ko ruwan hoda kusan duk shekara, karkatau mai maiƙo.

Wanda ya rage shi ne Begonia rex da zuriyarsa, wanda ya isa Turai daga Assam a arewa maso gabashin Indiya cikin shekarun 1850. Don ganye kaɗai ake renonsa: azurfa, shunayya, ja, baƙi, duk a ganye guda, wani ma ya naɗe kamar katantanwa. Shi ne mai abin mamakin nan, ka yanki ganye ɗaya, ka tsattsaga manyan jijiyoyinsa ta baya da reza, ka kwantar a kan yashi mai danshi, ka rufe da farar leda, sai 'ya'ya su tsiro a kowane tsagi. Shi ne kuma hunturu ya fi wahalarwa, bakin ganyen ya bushe ya yi ƙamas. Nakan tara tukwanen wuri ɗaya a lungun da iska ba ta bugu, in ɗora su a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, gindin tukunya bai taɓa ruwan ba. Malam ya ce tunda rex sarki ne da Latin, a ce sarkin karkatau. Hajiya ta ce mai atamfa, don ba wanda zai gan shi bai tuna zani ba. Allah gafarta Malam, a wannan kam na bi Hajiya, domin ita ta bi ƙa'idar da ku da kanku kuka koya mana ɗazu, ta kama abin da ido ya gani.

Masu tambayar ƙasar dashe: ruɓaɓɓen ganye, yashi, buntun shinkafa da ɗan dakakken gawayi, a tukunyar ƙasa mai huji. Hasken safe, inuwar rana. Kada a ƙara ruwa sai an tsoma yatsa an ji saman ya sha iska, kuma a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba.

Na kira maƙwabciyata na gaya mata sunan abin da ta ɗauka. Ɗazu da magariba ta sake aiko yarinyar, wai ƙanwarta ma tana so, a ƙaro mata fiffiken zabuwa reshe biyu. Yarinyar ta wuce kai tsaye wurin tukunyar, ta tsaya tana jira in ɗauko wuƙa.