Wace takarda ta fi dacewa da buga hoton baƙi da fari?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum masana. Firintar Epson P700 ce, ana son buga hotunan fuska baƙi da fari girman A3 don sawa a firam. A takarda mai sheƙi baƙin yana fita sosai, amma da an karkata ta a haske sai kalar tagulla ta bayyana. A marar sheƙi kuma baƙin yana komawa toka-toka. Wacce za a saya?

Mai_Ɗakin_Hoto:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara duba wace baƙar tawada firintar ke zubawa. Tana da biyu: Photo Black ta takarda mai sheƙi, Matte Black ta marar sheƙi. Nau'in takardar da ka zaɓa a manhaja shi ke tantance wacce za ta fita. In ka sa takardar auduga marar sheƙi amma saitin yana kan mai sheƙi, dole baƙin ya dusashe.

Ko an daidaita wannan, marar sheƙi ba ta kamo mai sheƙi wajen zurfin baƙi. A ma'aunin zurfin baƙi, wato Dmax, takan tsaya wajen 1.6 zuwa 1.7, mai sheƙi kuwa tana wuce 2.2. Tagullar da kake gani kuma halin tawadar figmen ne, wato mai ƙwayoyin launi irin ta firintarka, domin ƙwayoyinta a saman takarda suke zama, ba sa nutsewa kamar tawadar rini. Takardar RC mai rufin roba da sheƙi ƙal ita ta fi tona wannan aibin.

Don hoton fuska, nemi takardar barita. Tana da shafen sinadarin bariyom salfet irin na takardun wankin hoto na da, sheƙinta kaɗan ne, baƙinta mai zurfi. Akwai Canson Baryta Photographique II mai nauyin giram 310 a murabba'in mita, da Hahnemühle Photo Rag Baryta mai 315. Da Photo Black ake buga su.

Dattijon_Firam:
Malam ya yi bayani, amma kada a yi saurin yar da marar sheƙi. Tunda bayan gilashi hoton zai zauna, ratar da ke tsakaninsu tana raguwa, kuma marar sheƙi ba ta dawo da hasken fitila a ido. Hahnemühle Photo Rag mai giram 308 tana fitar da laushin fata yadda ya kamata. Hoton da duhu ya yi masa yawa ne kawai ba zan ba da shawararta ba, don abin da ke cikin inuwa yakan cushe.

Abin da aka fi mantawa shi ne sinadarin ƙara fari, wanda ake rubutawa OBA a kwali. Yana sa takarda ta yi fari fat har da ɗan shuɗi, amma da shekaru ƙarfinsa yana mutuwa, ta koma ruwan madara. Gilashin da ke tare hasken UV ma yana kashe tasirinsa tun ranar farko. In hoton na ajiya ne, ɗauki marar shi, kamar Canson Platine Fibre Rag ko Epson Hot Press Natural.

Takardar auduga kuma a share ta da buroshi mai laushi kafin a saka. Ɗan burbushin da ke kai yana ɗaukar tawada, daga baya ya faɗi ya bar farin ɗigo a tsakiyar baƙi.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri. To saitin fa? Wani lokaci tokar tana ɗan yin kore.

Mai_Ɗakin_Hoto:
Yawanci sarrafa launi sau biyu ke jawo haka, wato Photoshop na yi, firinta ma na yi. Zaɓi ɗaya. Ko ka sa furofayil ɗin ICC (fayil ɗin daidaita launi) na ainihin takardar ka kashe na firinta, ko ka bar wa firinta ka kunna Advanced B&W, tsarinta na baƙi da fari wanda ya fi dogara da tawadun toka.

Takarda mai giram 300 zuwa sama a saka ta ɗaya-ɗaya, a ƙara tazarar da ke tsakanin takarda da kan da ke fesa tawada, in ba haka ba kan zai goge gefen da ya lanƙwashe ya bar baƙin tabo. Kafin ka sayi kwalin A3, sayi fakitin gwaji na A4, ka buga tsanin toka mai matakai 21, daga fari zuwa baƙi, a kowace takarda. In matakai biyu na ƙarshe sun haɗe, a sassauta duhun. A bar bugun ya bushe awa 24 kafin a yanke hukunci ko a rufe shi da gilashi, kuma a duba shi a irin hasken da za a rataye shi.